Suturar da na Samu a Hanyar Yamai

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake rufa wa bawa asiri ko da bawan bai yi abin da ya cancanci haka ba.

A shekarar da aka sake buɗe iyakarmu da Nijar, bayan ta yi watanni a rufe har fatake suka gaji da zaman jira, a shekarar ne na je Yamai. Tun da na dawo, duk wanda muka haɗu a masallacin layinmu nan Gyaɗi-Gyaɗi sai ya ce, “Malam Sabo, yaya ka baro ƙasar Faransa?” Ni kuwa sai in ba su labarin burodinsu mai tsawon sanda, a yi dariya, a watse. Wannan ba shi ne labarin ba. Tun da tambaya ta ƙi ƙarewa, ga shi nan yadda ya faru, kuma wanda zai yi dariya ya yi, na riga na sha kunyar da ta fi wannan.

Ni ba ɗan boko ba ne. Ajami na koya a zauren mahaifina, boko kuwa da girma na tsince shi, ina karanta shi a hankali kamar mai tafiya cikin taɓo. Wanda ya jawo ni cikin harkar intanet shi ne Nasiru, ɗan wani abokina da ya rasu. Ma’aikacin jinya ne a asibitin koyarwa, yana zaune a Tarauni da iyalinsa. Shi ya nuna mini kundin ilimin nan na intanet, wanda masu sa kai ke rubutawa da harsuna iri-iri, kowa ya buɗe a wayarsa ya karanta kyauta. Muka raba aiki. Ni in rubuta abin da na sani da Ajami, yadda ake dafa tawada, yadda ake fiƙe alƙalami, sunayen da muke kiran baƙaƙe da su, shi kuma ya juya zuwa boko ya saka. Nasa ɓangaren kuwa cututtuka ne, yana bayaninsu da Hausar da kowa zai gane.

To, a ’yan shekarun nan fitsari ya fara yi mini gardama. In na je sai ya ƙi fita sai ɗigo, in dawo in yi alwala, kafin in shiga sahu na sake jin matsi. Ban gaya wa kowa ba, har mai ɗakina. Wata rana ina duba waya na ci karo da shafin da Nasiru ya rubuta kan kumburin nan da kan matse wa dattawa hanyar fitsari, wanda ’yan asibiti ke kira furostet. Na karanta, sai na ga kamar yaron yana leƙena ya rubuta. Daga ranar ban iya ƙirga sau nawa na buɗe shafin ba, kullum a bayan ƙofar zaure. Layin ƙarshe ne kawai nake tsallakewa, inda ya ce wanda ya ga alamun nan ya je asibiti da wuri.

Kun san majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Bala mai taya. Wata la’asar, ’yan makonni kafin tafiyar, Alhaji Bala ya samo shafin nan, ya riƙa karanta shi da ƙarfi yana kwaikwayon tsohon da ke nishi. Aka yi ta dariya. Nasiru yana wurin, ya kawo mini takarduna da ya gama juyawa. Sai Alhaji Bala ya juyo kaina.

“Malam, kai ne abokin aikinsa. Wannan ma ilimi ne?”

Na ga ido ya yi mini yawa, na ji kamar kowa ya gane. Sai na ce, “Wannan rashin ta-ido ne. Babu mai mutuncin da zai buɗe irin wannan shafi.”

Nasiru ya sunkuyar da kai, ya ce, “Allah ya huci zuciyarku, Baba.” Ya ajiye mini takarduna, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Duk da haka, da gayyatar wani taro na masu rubutu a kundin nan ta zo daga Yamai, shi ya sa aka haɗa da sunana. Na riga na shelanta wa majalisa, na kai ɗinki, kafin na tambaye shi me za a yi a can.

“Bayanan masu karatu za a nuna mana, Baba. Wane shafi ake buɗewa, da wane harshe, daga ina.”

“Har da sunan mai buɗewa?”

“Ba na jin haka. Amma gaskiya ban san iyakar abin da suke gani ba, shi za mu je mu koyo.”

Wannan amsa ba ta ba ni barci ba. Abin da nake hangowa shi ne babban allo a gaban baƙi, an rubuta Gyaɗi-Gyaɗi, an rubuta Malam Sabo, ga shafin da na kira rashin ta-ido, ga yawan buɗewar da na yi masa, Nasiru kuma yana zaune kusa da ni. Da wannan tsoro na hau mota, ga kuma ciwon da ke hana ni zama wuri ɗaya.

Daga Ƙofar Ruwa muka tashi a ƙaramar mota mai zuwa Jibiya. Tun asuba ban sha ruwa ba, amma hakan bai hana komai ba. Tsayawar farko babu wanda ya ce uffan, dattijo ya nemi kama ruwa. Ta biyu ce ta zo da magana. Na ce wa direba ina son in sabunta alwala. Akwai wata Hajiya mai sayar da kwanukan roba a kujerar baya, bakinta ba ya hutawa.

“Allah gafarta Malam, wace salla ce kuma yanzu? Ko an ƙaro wata ba mu ji ba?”

Na ce, “Walaha, Hajiya.”

“To a sa mu a addu’a, kasuwa ta ci.”

Haka na sauka, na gama abin da ya sauke ni, sannan dole na shimfiɗa rawanina a bakin titi na yi raka’a biyu don kada ƙaryata ta fito, mutane suna kallona ta taga suna yaba tsoron Allahna. Ban taɓa yin sallar da na ji nauyinta kamar wannan ba. Har yanzu ina neman gafara a kanta.

Da muka wuce Katsina direba ya juyo ya ce, “Jama’a, daga nan zuwa Jibiya ba na tsayawa kowa, kun dai san hanyar.” Masu carbi suka ciro. Ba mu yi nisa ba matsi ya taso mini. Na dafe gwiwa, gumi yana bin bayana, ina tunanin wanne ya fi sauƙi, in yi magana ko in ɓata sabuwar rigata. Sai na ji Nasiru ya ce, “Direba, don girman Allah, cikina.”

“Kai ɗan samari, ba ka ji abin da na ce ba?”

“Na ji. In ba ka tsaya ba motarka ce za ta ji.”

Direba ya yi tsaki, ya lallaɓa har wani ƙauye da ke da shingen jami’an tsaro, ya taka birki. Hajiya mai roba ta ce, “Ma’aikacin asibiti guda, me ka ci haka? Ku ne masu hana mu cin awara a titi.” Mota ta ɗauki dariya. Ni kuwa na ce bari in raka yaron, na bi wata hanya ya bi wata. Da muka dawo, don in ƙara rufe kaina, har da cewa na yi, “Yaran yanzu ba ku da juriya.” Ya yi murmushi ya ce, “Haka ne, Baba.” A raina ina godiya ga Allah da ya ɓata cikin yaron a daidai lokacin da nake buƙata.

A kan iyaka aka sauke mu aka jera. Can ɓangarensu jandarman da ya karɓi takarduna ya dube ni ya dubi hoto, ya tambayi sana’ata. Na ce malami. Ina jiran Faransanci sai na ji Hausa tsantsa, irin ta Katsinawan dauri.

“Malam, mi za ka yi Yamai?”

“Taro kan masu karatu.”

“To a yi muna addu’a, mu ma mu zan masu karatun.”

Wurin ’yan canji kuma na rikice, don su da dala suke lissafi, in ya faɗi adadi sai ka ninka shi biyar a ranka. Na yi ta gardama da mutumin a kan ya cuce ni, ashe ni ne ban iya ƙirgarsu ba. Nasiru ya raba mu, na ba da haƙuri.

A Maraɗi muka kwana, gidan wani Alhaji Isufu, kawun wani abokin aikin Nasiru. Mutanen nan ba sa tambayar baƙo ko yana jin yunwa. Kafin mu gama gaisawa an dire ƙwarya cike da fura da nono mai kauri, irin wanda mu a Kano sai dai mu ba ’ya’yanmu labarinsa. Ni kuwa ina gudun duk abin da zai zama ruwa a jikina. Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi.

Alhaji Isufu ya riƙe haɓa. “Bakano ya ƙi hura? Ko an ce maka tamu ba ta kai ta birni ba?”

Babu yadda zan yi, na ɗauki ludayi. Ta yi daɗi ƙwarai, kuma na biya kuɗinta da zirga-zirga har gari ya waye. Da za a shimfiɗa mana tabarmi Nasiru ya ce, “Baba, ku ɗauki bakin ƙofa, iska ta fi shigowa nan.” Na ɗauka ladabi ne kawai.

Daga Maraɗi babbar mota muka shiga. A nan na ga abin da ya bambanta da gida. Mu mota ba ta tashi sai ta cika, kuma in ka san direba ko a bakin gidanku sai ya tsaya. Su kuwa tikiti ne da lambar kujera, in lokaci ya yi ta tashi ko da rabi, kuma ba ta tsayawa sai a tashoshinta, Ƙonni, Dogon Dutse, Doso. Tsari ne mai kyau ga mai lafiya. Nasiru ya yi magana da wani saurayi aka musanya mini kujera kusa da ƙofa. Tsakanin Ƙonni da Dogon Dutse cikin Nasiru ya sake ɓaci, ya sha faɗa da Faransanci da Zabarmanci, na sake raka shi. A Doso kuwa na daɗe a bayan gida har mota ta tayar. Da na fito da butata a hannu sai na hango shi tsaye a bakin ƙofar motar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yaron mota yana jan rigarsa, shi kuma yana cewa sai dai a tafi da rabinsa.

Yamai gari ne shimfiɗaɗɗe a bakin kogi. An sauke mu a wani masauki mai tsabta, sai dai bayan gidansa na zama ne kamar kujera, babu buta, na gode Allah da na zo da tawa. Da safe burodin nan mai tsawon sanda da shayi, da rana shinkafa da kifi, da wani kwaɗon zogale da suke ji da shi ƙwarai. Gaisuwarsu ta Zabarmanci gajera ce, kalma ɗaya an wuce, ni da na saba tambayar gida da iyali da gajiya sai in ga an bar ni da sauran gaisuwa a baki.

A zauren taro akwai masu rubutu da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci, da wasu daga Gana, da mu Hausawan ƙasashen biyu. Na zaɓi kujerar baya kusa da ƙofa. Wadda ta jagoranci zaman wata malamar jami’a ce, Malama Hadiza, mutuniyar Dogon Dutse, tana yi da Faransanci tana maimaitawa da Hausa. Ta ce masu bincike suna son su san abin da mutanen kowace ƙasa ke nema da harshensu, da abin da sai sun koma harshen Turawa suke samu, don a san inda rubutu ya yi ƙaranci. Sai ta kunna allo. Na runtse ido ina salati.

Da na buɗe, babu sunan kowa. Sunan shafi ne, da harshe, da ƙasa, da adadi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, na ce wataƙila sunayen suna wani wuri. Na ɗaga hannu.

“Malama, wani ne ya aiko ni da tambaya. In mutum yana buɗe wani shafi kullum, a wata unguwa, a ce a Kano, za a iya gane shi?”

Ta ce, “Malam, ka gaya ma wanda ya aiko ka ya kwantar da hankalinai.” Aka yi ’yar dariya. Sannan ta yi bayani a tsanake. Ta ce ba a fitar da unguwa, ba a fitar da gari, ƙasa kawai. Ta ce ko mutum ya kwana yana buɗe shafi ɗaya, akwai iyakar abin da za a lissafa daga wayarsa. Ta ce kafin a fitar da kowane adadi, da gangan ake ɗan ƙara masa ko a rage, ba tare da kowa ya san nawa ba. Ta kawo misalin hatsin zakkar fidda kai da ake zubawa buhu ɗaya a ƙofar masallaci: kana iya cewa buhun nan ya fi wancan cika, amma ba ka iya cewa wane ya zuba ko bai zuba ba. In kuma masu karanta shafi a wata ƙasa ba su da yawa, sai a bar gurbin babu komai.

Wani daga Gana ya ce ai wannan ɓata lissafi ne, mai bincike yana son adadi na gaskiya. Ta ce ta yarda ana asarar wani abu. Amma harsunanmu masu karatunsu kaɗan ne, in aka ce mutum biyu sun buɗe shafin wata cuta ko wata magana ta siyasa da wani ƙaramin harshe a wata ƙasa, to an kusa nuna su da yatsa. Ta ce, “Wanda ya san ana kallonsa ba ya karanta abin da ya fi buƙata.”

Na ce alhamdu lillahi a fili, har wanda ke kusa da ni ya waiwayo. Mutanen da ban sani ba, a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, sun zauna sun yi dabarar rufa mini asiri tun kafin in roƙa. Na fita na kama ruwa, na dawo da sauƙin zuciya kamar an sauke mini dutse.

Farin cikin bai daɗe ba. Bayan azahar aka ce kowa ya nemo shafukansa. Nawa na tawada da alƙalami babu ko ɗaya da ya fito, ban kuma damu ba. Nasiru ne na ga ya daɗe yana kallon na’ura. Tun a gida yana ganin jimillar buɗewar da ake yi wa shafinsa, ’yar kaɗan ce, kuma bai san ko mutane ne, ko na’urorin da ke yawo a intanet, ko shi kansa da yake shiga gyara ba. Abin da ya zo nema shi ne ya ga sunan Najeriya a gaban shafin nan. Gurbin babu komai.

Ya ce, “Malama, ke nan babu mai karantawa?”

“Ban ce ba. Ko babu, ko akwai amma ba su kai yawan da za a fitar ba tare da an tona su ba.”

“Ko a ɓoye ba za ki iya duba mini ba?”

“Ni ma ban gani. An gina shi ne don kada in gani.”

Da yamma muna cin abinci a bakin masauki ya ture kwano ya ce, “Baba, ina ganin kun fi ni gaskiya. A unguwa ana yi mini dariya, a nan kuma babu shaidar yana amfanar kowa. In mun koma zan bar rubutun cututtuka, in riƙa juya muku naku kawai.”

Amsar tana bakina. Mutumin da yake nema yana zaune gabansa da lomar shinkafa a hannu. Labulen da ya rufe ni shi ne ya hana yaron ganin amfanin wahalarsa, kuma ni kaɗai ke da ikon ɗaga shi. Na haɗiye lomar na ce, “Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.” Wannan ita ce kunyar da ta fi ta sallar bakin titi.

Kafin a tashi taro Malama Hadiza ta roƙe ni in nuna wa mahalarta tsofaffin takardun Ajami da na zo da su. Na karanta musu ƙarshen ɗaya, inda magabata kan rufe rubutu: a ambaci wanda ya wallafa, a ambaci wanda ya kwafa da sunan mahaifinsa, sannan a roƙa wa wanda zai karanta gafara. Ina cikin karantawa na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun nan. Mai rubutu yana sa sunansa, ya ɗauki nauyin abin da ya rubuta. Mai karatu kuwa ba a ambatonsa, addu’a kawai ake yi masa. Nasiru ya sa nasa sunan aka yi masa dariya. Ni na samu addu’a da sutura, na kuma taya masu dariya.

A hanyar dawowa, da muka baro Jibiya, direba ya yi irin gargaɗin wancan. Ban ko motsa ba tukuna na ji Nasiru ya ce, “Direba, cikina.” Na juya na dube shi. Ba cikinsa ya riƙe ba, gwiwata yake kallo, wadda ta fara rawa ban sani ba. A nan na tuna yadda ya ci yaji da kifi a Yamai babu abin da ya same shi, na tuna bakin ƙofa a Maraɗi, da kujerar da aka musanya, da ƙafarsa a ƙofar mota a Doso. Na sauka na yi abin da zan yi, na dawo, ban iya haɗa ido da shi ba har Kano.

Na yi kwanaki ina ba mutane labarin burodi. Ran nan bayan sallar hantsi na tari adaidaita na ce Tarauni. Matarsa ta yi mamakin ganina, don ba a saba babba ya tako gidan yaro ba. Ya fito da sauri yana gyara hula.

“Baba, lafiya? Da kun aiko ai da na zo.”

“Zauna. Gurbin nan da ka gani babu komai a Yamai, akwai mutum a ciki. Ni ne. Tun kafin ranar majalisa nake buɗe shi.”

Ya zauna. Sannan ya ce, “Ciwon na sani, Baba, tun kafin mu bar Kano, aikina ne. Amma wallahi ban san kuna karantawa ba.”

“Na kusa haddace shi.”

“Har ƙarshe?”

“Ban da layin ƙarshe.”

Ya yi dariya har da share ido. “Baba, ai saboda layin nan na rubuta sauran.”

A makon ya kai ni wurin likita. Aka duba, aka ba ni magani, aka ce da na ƙara jinkiri da abin ya fi haka wuya. Yanzu ina kammala salla da alwala ɗaya, wanda bai taɓa rasa wannan ba ba zai san girmanta ba.

Amma maganar da na faɗa a gaban jama’a na faɗe ta, ba za ta goge a cikin ɗaki ba. Na tambaye shi me zan yi. Ya ce babu komai. Na matsa, sai ya ce, “Sa’o’inku da yawa ba sa karanta boko, Baba, kuma su ne masu ciwon.”

Na dafa tawada sabuwa, na fiƙe alƙalami, na kwafe shafin nan kaf da Ajami, har da layin ƙarshe, shi na ma fi kaurara wa baƙi. Wata la’asar na sa Nasiru ya zo majalisa. Na karanta shi daga farko, Alhaji Bala ya fara murmushi yana shirin nishinsa, ban tsaya ba har na kai rufewa: wallafar Nasiru ma’aikacin jinya, kwafin Sabo na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda wannan ciwo ya kama kuma wannan rubutu ya amfana, Allah ya gafarta musu, ya gafarta wa wanda ya karanta ko wane ne shi. Babu wanda ya yi dariya. Alhaji Bala ya tashi ya ce bari ya duba wata taya.

Muka kai aka buga kwafi da yawa, na ajiye a tagar masallaci ta baya, wajen da ake ajiye takalma, inda mutum zai sunkuya ya ɗauka babu wanda ya lura. Bayan sati biyu Nasiru ya zo zaurena ya tambaya ko an ɗauka. Na ce saura kaɗan.

“Su wa suka ɗauka?”

“Ban duba ba. In na fito salla ta ƙofar gaba nake bi.”

Ya buɗe jakarsa ya ciro wasu takardu ya ajiye a gabana. Sabon shafi ne, kan ciwon suga, bai daɗe da gama shi ba.

Na ce, “Ashe ba ka bari ba.”

Ya ce, “Na samu makaranci ɗaya da na tabbatar da shi. Kun biya, Baba, babu sauran komai tsakaninmu. Wannan kuma sabon aiki ne, in da sauran tawada.”

Na jawo kurtu na duba. Akwai saura.